Kujeru Goma Sha Huɗu da 'Ya'yan Tsamiya

Girgaon, Mumbai,
Lahadi, 5 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Dada Ninad,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin ta ƙanwa ga wanta. Daga nan inda nake na sunkuya na taɓa ƙafafunka, kai da matarka Wahini Ketaki, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya raya mana Ira da Soham, Ganpati abin bautarmu kuma ya kawar da duk wani dutse da ke kan hanyarku. Na ji sanyi ya fara leƙowa a Calgary tun ba a je ko'ina ba. Mu nan damina ta tattara nata ya nata, ta bar mu da zufa da bango mai tsatsafo, kamar yadda ta saba kowace shekara.

Mahaifiyarmu Aayi tana nan lafiya. Gwiwar hagun ce dai ke yi mata gardama da safe, likita ya canza mata magani, tana kuma sha, don a gabana take haɗiyewa. Kawu Bhalchandra ya zo daga Ratnagiri ya yi mana kwana huɗu, ya kawo buhun shinkafar gida da labarin rigimar iyakar gona wadda ka sani tun muna yara, har yau ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Ni kuma ina nan a teburina na gidan jarida, ina rage wa mutane jimlolinsu suna jin haushina.

A wurin aikinmu an koya mana mu fara da labarin kafin bayaninsa, to ga shi: kada ka yanki tikitin Aayi. Ranar Alhamis da ta wuce gidan abincinta ya sayar da faranti ɗari da talatin da ɗaya, kuma mako na uku ke nan bai sauko ƙasa da ɗari da ashirin ba. Ka tuna sharaɗin da kuka yi a watan Afrilu, lokacin da ta ce za ta mayar da tsohon shagon buga takardun Baba na unguwar Fort wurin cin abincin rana. Ka ce mata shekara sittin da huɗu ba lokacin fara sana'a ba ne, ta dawo wurinku ta huta. Ta ce ka ba ta wata shida, zuwa bikin fitilu na Diwali. In shagon bai kai faranti ɗari da goma a rana ba, wanda shi ne abin da zai riƙe kansa, za ta rufe da hannunta ta hau jirgi ba tare da ta ƙara cewa uffan ba. Ni ce shaida. Yau zan gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba: a zuciyata ina bayanka, na ɗauka wata shidan nan hanya ce kawai ta barin tsohuwa ta gaji don kanta.

Ka san shagon, ba sai na kwatanta maka ba. Da aka fitar da injinan Baba, kujeru goma sha huɗu ya ci, da ƙyar. Mai girkinmu Indubai na kan kasko tana gasa gurasar chapati, ƙanwarta Ratna na ɗaukar faranti, Aayi kuma na yawo da ludayi. Farantin rupi casa'in ne: chapati uku, shinkafa, miyar wake ta dal, kayan lambu iri biyu, da kofin tsala; ƙari kyauta. A wannan unguwa da ake sayar da shayi kofi ɗaya a kuɗin da ya fi haka, ba a yi mako biyu ba labari ya zaga bankuna da ofisoshin lauyoyi. Daga sha biyu da rabi zuwa uku ba masaka tsinke. Kowace kujera da mutum tsaye a bayanta, ya dafa ta da hannu don a san tasa ce, yana kallon ƙeyar mai ci. Duk wanda ya wuce ta titin cewa yake Aayi ta haye. Amma in an ƙirga faranti da yamma, saba'in ne, wata rana saba'in da biyu. Wata biyu cur a haka.

A watan Yuli na ce bari in je da kaina, tunda aikina sai ƙarfe huɗu nake shiga. Na zauna a lungu kusa da tulun ruwa da agogo da ɗan littafi, kwana shida, kamar mai binciken hatsarin jirgi. Abin da na samu shi ne: faranti na isowa cikin minti biyu, ma'aikacin ofis mai yunwa na gamawa cikin goma sha ɗaya, amma ba ya tashi daga kujerar sai ya yi ashirin da tara. Sauran minti goma sha shidan nan duk agraha ce, wannan nacin tayin namu da Aayi ta iya fiye da kowa a dangi. Mutum na sa loma ta ƙarshe sai ga ta a kansa da ludayi. Ya rufe faranti da tafin hannu, ta ce ya janye ko ta zuba a kan hannun, ita ba ruwanta. Ya ce ya ƙoshi, ta tambaye shi ko abincin ne bai yi daɗi ba, ya faɗa mata gaskiya, ita ba ta fushi. Ya rantse ya yi daɗi, ta ce to me chapati ɗaya ya yi masa da zai ƙi shi, ga shi kamar sillen kara, uwarsa in ta gan shi ai cewa za ta yi a Mumbai ba a dafa abinci. Ka san ƙa'idarta: ƙin farko tarbiyya ce, na biyu kunya, sai na uku ake fara sauraro. To kowane mutum sai ya bi matakan nan uku, sannan a jira Indubai ta gasa sabo, don Aayi ba ta ba baƙo chapati mai sanyi. Su kuwa na tsaye, masu hutun rabin awa, sai su duba agogo su sulale wurin mai burodi da soyayyen dankali na bakin titi.

Akwai wani Tiwari, mutumin Patna, ma'aikacin banki ne a bene na shida na ginin da ke kallonmu, shekararsa ɗaya a garin nan ba shi da kowa. Tun ranar farko yake zuwa, Maushi yake kiranta kamar kowa, wato innarsa. Shi ba ya iya ƙi na uku, Aayi kuma ta gane. Ina zaune a wurin ya ci chapati bakwai yana duban agogon hannunsa kamar zai yi kuka. A mako na gaba aka ba shi takardar gargaɗi saboda makara sau biyar. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya haɗa hannuwa ya ce Maushi ta yafe masa, abincinta ne kaɗai ke tuna masa gida, amma in ya ci gaba da zuwa gidan za a mayar da shi gaba ɗaya.

Da wannan hujja na tsare Aayi. Na nuna mata littafina shafi-shafi. Na ce waɗannan ba baƙi ba ne, masu saye ne, kuma abin da suke saye rabinsa abinci ne rabinsa lokaci. Ta ce ita duk wanda ya zauna ya wanke hannu a gabanta baƙo ne. Na ce to baƙin nan naki su za su kai ki Calgary. Wannan maganar ta shige ta. A farkon Agusta na mayar da ita bayan labule wurin tukwane, na bar Ratna da hidimar tebur, na kuma buga sanarwa da manyan baƙaƙe cikin harsuna uku na manna a bango, cewa ƙari kyauta ne, mai so ya nema. Na ji daɗin jimlar nan, gajera ce, ba kalmar da za a cire. Kujera ta koma juyawa cikin minti goma sha huɗu. Makon farko muka yi casa'in da takwas, na shiga ofis ina tafiya kamar wadda ta ci zaɓe. Mako na biyu tamanin. Mako na huɗu hamsin da takwas, babu kowa a bayan kujera, har ana ganin titi daga wurin tukwane.

Na ɗanɗana miya, ba ta canza ba. Na zagaya unguwar ko wani ya buɗe mai araha, babu. Wanda ya buɗe mini ido shi ne Pestonji Kaka, tsohon akawun lauyoyin nan Bafarishe da ke kawo wa Baba takardu tun muna firamare, wanda ke kiranka sarkin kuka. Na tare shi a gindin matakalar kotu na tambaye shi me ya hana shi zuwa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce 'yar jarida, ke da kika karance littattafan duniya, ki gaya mini, tun da uwarki ta haife ki kin taɓa buɗe baki a gidan mutane kin ce a ƙaro miki? Na ce ban taɓa ba. Ya ce to shi da furfurarsa zai ɗaga hannu a gaban yaran banki ya ce wa Ratna a ba shi ƙari, kamar ɗan makarantar kwana? Wai tun da na manna takardar nan chapati uku yake ci ya tashi da sauran wuri a cikinsa, ƙarfe huɗu na yi hanjinsa na karanta masa ƙara. Ya ce duk waɗanda suka daina zuwa yunwa ce ta kore su, ga abinci kyauta a tukunya, ga sanarwa a bango, ba kuma wanda zai nema. A da in mutum ya ci shida, laifin Maushi ne, ita ta tilasta shi, mutuncinsa na nan. Yanzu in ya ci huɗu haɗamarsa ce, a gaban shaidu. Ya mayar da tabarau ya ce in gaishe da uwata, in ce mata an ɗaure ta ba a yi mata shari'a ba.

Dada, garin neman gira na rasa ido. Ni da aka haifa a gidan nan, na lissafa komai ban lissafa kunya ba. Abin da ya fi damuna kuwa ba farantin ba ne. Aayi ta daina gardama. Ta sauko da akwatin ƙarfen nan daga kan kabad ta fito da rigunan sanyin Baba tana gwadawa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne a can mutum na wata biyar bai ga maƙwabcinsa ba. Bayan bikin da ake kai mutum-mutumin Ganpati teku, sai na dawo na tarar ta raba tulunan tsimin mangwaronta wa maƙwabta, har babban nan na kakarmu, ta ce wai jirgi ba ya ɗaukar irinsu. Ba ta yi kuka ba, ka san ta. Alkawari ta yi maka, tana kuma shirin cikawa.

Na je na gaya mata abin da Pestonji Kaka ya ce, na ba ta haƙuri, na ce ta koma yadda take yi, ko saba'in ɗin ma ta fi wannan. Ta ce saba'in ba za ta hana ta shiga jirgi ba, agogona bai yi ƙarya ba, ta ga Tiwari da idonta. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ɗago ta tambaye ni, waɗanda ke tsayawa a bayan kujera, minti nawa na rubuta suna yi a tsaye? Na duba na ce goma zuwa sha biyu. Ta ce a cikin mintunan nan me suke yi da bakinsu? Na ce babu. Ta ce to shi ke nan, in cire takardata daga bango, in kuma zo ranar Litinin da agogon nawa.

Ranar Litinin ɗin ta fito daga bayan labule ba ludayi a hannunta, sai tsohon gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiyar da Indubai ke cirewa in za a yi miya, an wanke su sun yi ƙyalli. Ƙarfe ɗaya da kwata kujeru suka cika, mutum huɗu suka tsaya. Ba ta ko kalli na zaune ba, sai ta nufi na tsaye. Ta fara da wata yarinya lauya: chapati biyar za ta ci yau, ko? Yarinyar ta ce a'a Maushi, uku ma sun yi mata yawa. Aayi ta ce da wannan wuyan kamar na zalɓe za ta tsaya gaban alƙali? Yarinyar ta ce da gaske ba ta jin yunwa. Aayi ta ce to huɗu, kada ta kunyata ta a gaban mutane. Ta kama hannunta, ta sa mata ƙwayar tsamiya ɗaya a tafi, ta dunƙule mata yatsu, ta wuce na gaba. Da kujera ta samu yarinyar ta zauna ta ajiye ƙwayar a gefen tebur, Ratna ta gani, faranti ya zo da chapati huɗu da ƙarin ludayin kayan lambu, da zafinsu, tunda Indubai ta ji cinikin tun daga kan kasko. Ƙwaya ɗaya ƙari ɗaya. An yi tayi, an ƙi sau biyu, an sha kaye cikin mutunci, duk kafin a zauna. Na duba agogo lokacin da ta tashi: minti goma sha shida.

Ban san yadda labari ke tafiya a unguwar nan ba, ya fi jaridarmu sauri. Ranar Laraba Pestonji Kaka ya dawo, ya tsaya a bayan kujera yana jayayya da Aayi kamar a gaban kotun ƙoli, ya ce likita ya hana shi, ta ce likitan ya zo ya faɗa mata da bakinsa; ya ƙare da ƙwaya biyu da fuskar wanda aka zalunta yana jin daɗi. Yanzu ma akwai waɗanda ko da kujera a sake ba sa zama sai sun ɗan tsaya an yi musu nacin, har Ratna na korar su zuwa tebur. Tiwari kuwa Aayi ce ta aika masa ta bakin mai gadin gininsu, wai Maushi ta ce ya zo da agogonsa, in ya wuce minti ashirin ita za ta hau bene na shida ta yi wa ogansa bayani. Ya zo, ya ƙi sau biyu a tsaye, aka cusa masa uku, ya koma teburinsa da sauran minti shida. Makon jiya ya zo da ogan nasa, wanda ya sa hannu a takardar gargaɗin. Mutumin ya ce shi ba ya cin abinci da yawa da rana. Aayi ta dube shi sama da ƙasa ta ce ta ga alama, shi ya sa yake da saurin fushi. Ƙwaya biyu ya samu.

Ranar da muka yi ɗari da talatin da ɗaya shinkafa ta ƙare kafin uku saura kwata. Na shiga wurin tukwane ina murna ina nuna mata lissafin, na tarar ranta a ɓace, wai yau an ce babu a gidanta, mutum biyu sun juya, ina amfanin lamba. Washegari ta ƙara mudu biyu. Ta kuma je gidan maƙwabciyarmu ta ce a dawo mata da tulun kakarmu, aro ta bayar.

Na san abin da ke ranka, kuma ba ka yi laifi ba. Kana tsoron gwiwar nan, kana tsoron ranar da za a kira ka daga nesa. Ni ma ina tsoro. Na sa an yi mata doguwar kujera a bakin ƙofa, tana zama a kai tana tare masu shigowa, ko da yake ba ta minti biyar ba ta miƙe ba. Ƙarfe uku da rabi ake rufewa, Lahadi ba a buɗewa, tasi ke kai ta ya dawo da ita. Amma Dada, tun rasuwar Baba ban ji ta tana waƙa a kan tukunya ba sai watan nan. Mutum ɗari da wani abu ne ke kiranta Maushi kowace rana. Ba na jin akwai ɗakin da za ka ɗumama mata a can da zai kai wannan ɗumi. Sharaɗin naka ne, kai ka yanka lambar, ta kuma wuce ta da saura kwanaki. Ina roƙonka ka sake ta da bakinka, don in ba ta ji daga gare ka ba akwatin nan ba zai koma kan kabad ba.

Za ka yi mamakin abin da ya sa na rubuto takarda alhali muna waya kowane mako. Umarninta ne. Ta ce kuɗin tikitin nan kada ya yi kwana, ku yanka naku ku zo a yi Diwali a gida, shekara huɗu ke nan yaran ba su kunna fitila a barandar nan ba. Na ce mata za ka ce aiki, ta ce wannan tarbiyya ce. Na ce za ka ce makarantar yara da tsadar jirgi, ta ce wannan kunya ce, duk ka faɗe su a waya tun kana tsaye, ta ba ka dama. Sannan ta buɗe gwangwanin da kanta, ta zuba 'ya'yan tsamiya a cikin ambulan ɗin takardar nan. Ka girgiza ambulan ɗin a hankali. In ma'aikatan kwastan ɗinku sun cire su a hanya, to ka sani guda huɗu ne, kowa da tasa, kuma ka fi kowa sanin cewa wanda ƙwayar ta shiga hannunsa ya gama magana, sai zama.

Ka gaishe mini da Wahini Ketaki da kyau, ka ce mata Aayi ta ajiye mata kwalbar tsimin lemun tsami da ba ta ba kowa ba ko a lokacin rabon. Ka shafa mini kan Ira da Soham. Kawu Bhalchandra ya bar muku gaisuwa, Indubai da Ratna suna gaishe ku, Pestonji Kaka kuma ya ce in tambayi sarkin kuka ko har yanzu yana tsoron injin yankan takarda. Aayi na sa muku albarka. Ubangiji ya tsare ku, ya kawo mana ku lafiya.

Taka ƙanwa, mai agogon da yanzu ba ta da aikin yi da shi,
Shalaka.